Masauki a tsohon gidan manoma na katako a Jamus: ya yi, amma ba na kowa ba ne

Masu tambaya ko su kama ɗaki a irin tsofaffin gidajen manoman nan na arewacin Jamus da aka mayar masaukin baƙi, ga abin da na gani a wanda na sauka a wani ƙauye a jihar Niedersachsen. Ni dai ya yi min, amma wanda ya saba da otal mai lif da kafet tun daga bakin get gara ya haƙura.

Gidan irin wanda suke kira Hallenhaus ne, mutane da dabbobi da hatsi duk ƙarƙashin rufi ɗaya. Abin da zai fara tarbarka wata ƙatuwar ƙofa ce a goshin gidan, an yi ta haka ne don keken doki ya shige da lodinsa har ciki a ɗora hatsin a sama, cikin kuma dogon fili ne da ake sussuka a da, hagu da dama wurin ɗaure shanu da dawaki. Yanzu a filin ake karin kumallo, wurin dabbobin kuma shi aka yanka ɗakuna. A katakon saman ƙofar an sassaƙa sunan wanda ya gina da na matarsa da shekarar ginin da wata aya ta Baibul, can ƙololuwar jinka kuma ga katakai biyu a gicciye masu siffar kan doki.

Abin da ya fi burge ni wallahi zagayen da mai gidan ke yi da baƙi ne, kuma baya karɓar ko sisi a kai. Zai kai ka jikin ginshiƙi ya nuna maka haɗin, ba ƙusar ƙarfe, an fafe rami a wannan an fiƙe bakin wancan an zura sannan aka buga turken itace ya kulle su. Kusa da kowane haɗi akwai lambar Romawa da aka sara da kurfi, don kafintoci a ƙasa suke fara gwada komai su sa lamba, ranar ɗagawa kowane katako ya san mazauninsa. Katakan sama baƙi ƙirin suke saboda asali murhun ba shi da bututun hayaƙi, hayaƙin sama yake bi ya busar da hatsi ya kori ƙwari daga jikin itacen, su kuma mutanen gidan su sha tari.

Sai ya durƙusa ya nuna min gindin wani ginshiƙi a bangon waje, daga ƙasa zuwa kamar gwiwa sabon itacen oak ne fari tas, daga nan sama tsohon ne mai tsage-tsage, an haɗa su ba a ɓoye ba, ba a shafa fenti don a yaudari ido ba. Dalilin ruɓewar ma abin ji ne. A shekarun 1960 da 1970 mutane da yawa sun cire yumɓun da ke cike tsakanin katakan sun sa siminti da fentin roba wai zamani, to shi itace yana motsi da zafi da sanyi siminti kuma baya yi, sai tsaga ta buɗe ruwan sama ya shiga ya rasa hanyar fita, ƙasan ginin ya yi ta ruɓewa a ɓoye. Su nan sun farfashe simintin sun koma yumɓu da farar ƙasa, shi yumɓu yana zuƙe danshi daga jikin katako ya sake shi.

Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, kuma a Jamus kowace jiha da dokarta, ta Niedersachsen ta 1978 ce. Ba ka isa ka canza windo ko rufi ko launin bango ba sai da izinin ofishin da ke kula da su, shi ya sa ba a liƙa abin tare sanyi ta waje ba tunda zai rufe katakan, ta ciki aka yi shi da yumɓu. Gwamnati kuma tana rage zafi ta haraji, mai zama a gidansa yana cire kashi 9 cikin 100 na kuɗin gyara daga kuɗin shigar da ake yanka masa haraji a kai, duk shekara har shekara 10, amma fa sai an amince da aikin kafin a fara, in ka yi gaban kanka ka tashi a tutar babu.

To yanzu ƙorafi. Ƙofar ɗaki gajera ce dole ka sunkuya, daɓen ya ɗan karkata, kuma duk takun na sama a kunnenka yake ƙarewa, waɗannan ban ga laifin kowa ba, ginin ne haka. Hana shan taba da kunna kyandir ma daidai ne tunda jinka ce a sama. Amma ruwan zafin da ke ɗaukewa kana tsakiyar wanka da intanet da sai ka fito fili kake samu, da na yi magana sai aka ce ai tsohon gini ne, haba, wace dokar tarihi ce ta hana gyara hita? Wannan kam sakaci ne kawai. Bas ma ba ta cika zuwa ƙauyen ba musamman ran Lahadi, in ba ka da mota ka shirya tun wuri.

Wanda ginin kawai yake son gani ba kwana ba, ya je gidan tarihin garin Cloppenburg, shi ma a jihar Niedersachsen, da aka kafa a 1934, an kwaso irin gidajen nan an sake kafa su a wuri ɗaya, ko ya jira Lahadi ta biyu a watan Satumba da ake buɗe gine-ginen tarihi a duk faɗin Jamus, yawanci kyauta. Mai son kwana kuma ya nemi ɗakin da ba kowa a samansa, ya kuma tambayi lokacin zagayen tun yana yin bukin don ba kullum mai gidan ke nan ba.