Rangwamen haraji a Amurka ga iyayen da ɗansu ke kwaleji

Mutanen gida kan yi mamakin yadda direban tasi ko ma'aikaciyar jinya a Amurka ke ɗaukar nauyin karatun yaro bayan sakandare. Wani ɓangare na amsar yana cikin takardar haraji. A gida, kuɗin makaranta in ka biya ya tafi ke nan, ko na NELFUND, asusun karatun ɗalibai na gwamnatin Najeriya da aka fara a 2024, bashi ne. A nan kuwa, wanda ɗansa ke kwalejin al'umma, irin mai shekara biyu, hukumar haraji ta IRS tana rage masa abin da zai biya.

Rangwamen da ya fi tsoka shi ne AOTC (American Opportunity Tax Credit). Dala 2,000 na farko da ka kashe ana cire su duka daga harajinka, 2,000 na biyu a cire kashi 25 cikin ɗari, jimla 2,500 a shekara kan kowane ɗalibi. In ma ba a bin ka haraji, ana iya ba ka har 1,000 a hannu. Sai dai yaron ya zama yana neman digiri ko takardar shaida, yana kuma ɗaukar aƙalla rabin darussan cikakken ɗalibi. Miji da mata da suka cike takardar haraji tare suna samun rangwamen cikakke in samunsu na shekara bai wuce dala 160,000 ba, a 180,000 ya ƙare. Waɗanda suka cike daban-daban ba su samun ko sisi.

Kafin ƙarshen Janairu makaranta take fitar da fom 1098-T. Akwati na 1 kuɗin da aka biya ne, na 5 tallafin da yaro ya samu, da su ake cike fom 8863 na neman rangwamen. Littattafai suna shiga lissafi ko a ina aka saye su, don haka a adana rasit. Haya, abinci da kuɗin mota ba sa shiga. In iyaye sun saka yaro cikin waɗanda suke ciyarwa, su za su nemi rangwamen, ba shi ba; in duka biyu suka nema, IRS za ta aiko wasiƙa.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne tallafin Pell, kuɗin karatu da gwamnatin Amurka ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi kyauta. Kwalejin al'umma tana da araha, sau da yawa tallafin ya cinye kuɗin makaranta har da saura, sai uba ya ga akwati na 5 ya fi na 1, ya haƙura. Alhali doka ta yarda a ce wani ɓangare na tallafin an kashe shi kan haya da abinci. Yaron zai saka wannan ɓangaren a matsayin samunsa, yawanci harajin ba shi da yawa ko ma babu, iyaye kuma su samu kuɗin makaranta da za su nemi rangwame a kai.

Sau huɗu kawai ake karɓar AOTC kan yaro ɗaya, kuma shekarar haraji ake ƙirgawa. Wanda ya fara a Agusta ya gama a Mayu bayan shekara huɗu ya taɓa shekarun haraji biyar. A ganina, yaron da zai wuce jami'a bai kamata a ƙone masa shekara guda kan zangon da aka kashe dala 600 ba. A wannan shekarar a ɗauki ɗayan rangwamen, LLC (Lifetime Learning Credit), mai ba da kashi 20 cikin ɗari, wanda ba shi da iyakar shekaru amma ba a biyan sa a hannu.

Daga harajin 2026 ba a samun rangwamen sai da SSN, wato lambar Social Security, ta mai nema da ta ɗalibi. ITIN, lambar harajin da IRS ke ba wanda ba shi da SSN, ba ta isa. A kuma yi hattara da mai cike takarda a lungun shago da ke alkawarin 2,500 ba tare da ya nemi 1098-T ba. In IRS ta ga ganganci tana hana mutum rangwamen shekara 2, in zamba ce shekara 10. Wanda ya manta bai nema ba yana da shekara 3 ya gyara da fom 1040-X.