Shagon hoton bakin tasharmu: aikinsa da kyau, amma akwai abin da ya tsaya min a rai

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, ranar kasuwar Maigatari, na kai 'yata shagon hoton nan na bakin tashar garinmu a ɗaukar mata fasfo, makaranta suka ce a kawo guda 8 saboda rajistar NECO. Tun da yaron nan ya buɗe wajen mutane ke tambayata ya aikinsa yake, to ga abin da idona ya gani.

Maganar aiki kam ba ni da ta cewa. Sola ce ke ba shi wuta, ba ruwansa da an kawo ko an ɗauke, da can kuwa sai ka hau mota har Gumel ka yini kana jiran a tada janareta saboda hoto ƙwaya huɗu. Naira 1,500 ya karɓa, cikin minti ashirin ya miƙo mana. Sau uku yana sake ɗauka saboda yarinyar tana ta ƙifta ido kuma bai ɗaure fuska ba ko sau ɗaya, cewa yake ƙanwata ɗan gyara hijabin, ɗago haɓa kaɗan. Takardar mai kauri ce, na goga da yatsa launin bai zuba ba. Inda ya gaza shi ne wajen zama, benci ɗaya ne tal maza da mata, fankar ma kwamfuta take fifitawa ba mutane ba, ranar kasuwa kuwa zufa sai wanda ya gani. In ka ce a turo ma ta WhatsApp sai ka yi haƙuri da netwok ɗin garin nan.

Amma ba fasfo ne ke kawo masa kuɗi ba, bayan labule kasuwar take. Akwai igiya an rataye manyan riguna uku na shadda, huluna, agoguna da ko tafiya ba sa yi, makullin mota wanda babu motarsa, da ƙwanƙon iPhone da ba komai a cikinsa. Ka ba da 500 ka saka a ɗauke ka, ka ƙara dubu ɗaya ya cire bangon shagon ya ɗora ka a filin jirgi ko cikin ofis ko gaban dogon benen nan na Dubai, Burj Khalifa, mai tsawon mita 828, ya kuma haska maka fata har mahaifiyarka sai ta duba sau biyu.

Muna zaune wani saurayi ya shigo, ba zai wuce shekara 23 ba, ɗan ci-rani ne ya dawo daga Legas. Da ya zura babbar rigar sai na lura da hannunsa, duk ya yi kanta ya tsattsage, irin hannun wanda ya sha lodin bulo. Ya kalli hannun ya kalli mai hoton, a hankali ya ce don Allah yaya ka gyara min nan kar ya fito. Wallahi sai da na sunkuyar da kai. Hannun nan fa shi ya sayi buhun geron da ake ci a gidansu, shi ya biya kuɗin maganin tsohuwarsa, kuma shi ne abin da yake jin kunyar a gani.

Da muka fito na ce masa ɗana wa za ka tura wa, ya ce Baba akwai yarinyar da nake nema, wani mai shago a Kano ma yana nemanta. Shi ke nan, bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Ni dai ban yarda yaran nan maƙaryata ne tun asali ba, gudun raini suke. Ku tuna 2019 da aka tsare matasa 123 'yan Jigawa a Legas da baburansu don kawai sun shiga gari neman abinci, sannan a watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na can, da yawa suka koma dako da wankin takalmi da gadi da tura baro, suna kwana a ƙarƙashin gada ko kangon gini, ana kiransu aboki da muryar wulaƙanci, to mutum ya sha wannan wata takwas sannan ya dawo gida da sallah, mu kuma tambayar farko da za mu yi masa ita ce me ka zo da shi. Ba ma tambaya ya jikinka. Wanda ya dawo da sabuwar waya shi ake shimfiɗa wa tabarma, wanda ya faɗi gaskiya cewa bana ba a samu ba sai a ce ba shi da zuciya. Mu muka koya musu, mai hoto kawai ya ga kasuwa ya buɗe.

Duk da haka tausayi ba zai sa in ce daidai ne ba. Akwai hadisin Asma'u 'yar Abubakar a Bukhari da Muslim, wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya saka tufafi biyu ne na ƙarya. Tufafi fa aka ce, ga su nan rataye a igiya. Kuma yarinyar da za ta ga hoton ita ma 'yar wani ce, in aka ɗaura aure a kan makullin mota ranar da ta tare ta ga babu ko keke, wa zai zauna da ita a ɗakin?

Abu biyu ne suka fi ɓata min rai, kuma na faɗa wa mai shagon baki da baki. Na ɗaya, a cikin hotunan da ya manna a bango akwai waɗanda ya ɗora a gaban Ka'aba da harami, mutanen da na san ko filin jirgin Malam Aminu Kano ba su taɓa takawa ba. Kujerar Hajji ta haura miliyan 8 a 2025, kowa ya san ba kowa ke da hali ba kuma Allah bai ɗora wa marar hali ba, to me ya kai mutum wasa da wannan waje. Na biyu kakin soja, wanda laifi ne ma a doka farar hula ya saka, yaro zai iya jawo wa kansa dukan da bai shirya ba a shingen hanya saboda hoto ɗaya a waya.

Ya saurare ni har na gama, ya ce Malam gaskiya ka faɗa, na Ka'aba zan sauke, amma rigunan in na daina wani zai buɗe a gefena. Ban ja da shi ba.

Wanda ke son fasfo ko hoton suna ko na biki ya je, zai ji daɗin aikin, amma ya guji ranar Alhamis in da mata zai je. Ni na riga na yi magana da shi, in an fara yankan riɗi zai zo gona ya ɗauke mu ni da yarana cikin kayan aikinmu, ya ce dubu uku har da kuɗin man babur.