Suga da ƙibar Hajiya: abin da na gani a Ingila da abin da muke yi a Kano

Hajiyarmu ta zo mini wankan jego nan Manchesta. Ta haura sittin, ciwon suga ya kai shekara goma a jikinta, ga hawan jini, ga jiki kuma masha Allah. Da maganin da ta taho da shi daga Kano ya kusa ƙarewa, sai na yi mata rajista a asibitin unguwarmu. A ƙasar nan ganin likitan unguwa kyauta ne ko ga baƙo, sai in ciwo ya kai shi babban asibiti ake miƙo masa takardar kuɗi. Ni dai a zatona za a rubuta mana magani mu kama gabanmu.

Nas ɗin da muka tarar, wata Baturiya ce da ba za ta girmi autarmu ba. Tana gama gaisawa da mu ta ce Hajiya ta cire takalmi da safa. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke, gaya mata ni ba ƙafa ke damuna ba." Na gaya mata. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna, ta ɗauki ƙafar Hajiya ta ɗora. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana buɗa tsakaninsu, ta duba dunduniya inda faso ya tsaga, ta dafa bayan ƙafar tana neman bugun jini. Sannan ta ɗauko wani siririn tsinken roba, ta ce Hajiya ta rufe ido, duk inda ta ji an taɓa ta faɗa. A tsakiyar tafin ƙafa ta ji. Da aka zo babban yatsa, ina kallo tsinken ya lanƙwashe a jikin fatar, Hajiya shiru, ido a rufe, tana jiran a taɓa ta. Jikina ya yi sanyi.

Suga in ya daɗe yana yawa a jini, jijiyoyin ji yake cinyewa, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai sani ba, ɗan rauni ya zama gyambo, gyambo ya ƙi warkewa saboda jini ba ya isa wurin sosai, ƙarshe a ce sai an yanke. Wane ne ya taso a cikin birni bai san wani dattijo da aka yanke wa ƙafa ba? Sai ka ji ana cewa jifansa aka yi, ko wani abu ya taka. Shekara goma Hajiya tana sammakon asibiti a Kano, ta bi layin kati, a ɗebi jini, ta ga likita na 'yan mintuna, ba a taɓa cewa ta cire takalmi ba. Ba na ɗora wa likitocinmu laifi, na san mutum ɗaya ke fama da cikar kwari a bakin ƙofarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan duba bai buƙaci wutar lantarki ba, bai buƙaci na'urar miliyoyi ba. Kujera ce da tsinken roba da minti biyar.

Daga nan ta tambayi sakamakon gwajin HbA1c na Hajiya. Ba mu da shi. Gwajin da muka saba, na sassafe kafin a karya, yana nuna sugan wannan lokacin ne kawai. Shi kuwa wannan yana nuna yadda jini ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 48 zuwa sama, ko kashi 6.5 a ɗaya lissafin, ciwon suga ne. Da aka yi mata gwajin, na Hajiya ya haura wannan da nisa. Nan na gane dalilin da ya sa kullum take dawowa daga asibiti a gida da "an ce da sauƙi." Mun san halin iyayenmu: in ranar asibiti ta matso sai a kame baki kwana biyu, a gwada a ga ya sauka, a dawo gida a ci tuwon shinkafa da malt don murna. Wannan gwajin ba ya cin wannan dabara. Akwai shi a Kano, a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji masu zaman kansu, amma 'ya'ya nawa ne suka san su nema wa iyayensu?

Sai aka zo kan sikeli, aka kuma zagaya cikinta da awo. Nas ɗin ba ta yi kara ba, ta ce ƙibar nan ita ce itacen da ke rura wutar. Ni na yi tafinta, sai da na nemo kalmomi masu laushi, don a gidanmu ba a taɓa ce wa Hajiya ta yi ƙiba ba, sai dai a ce ta yi kyau, hutu ya karɓe ta. A 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike da Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka jagoranta. An ɗora masu ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda ya fi kama manya, a kan abinci ƙanƙani na wasu watanni ƙarƙashin kulawa. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sugansu ya koma daidai ba tare da maganin suga ba, cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86. Bayanin shi ne kitse na taruwa a hanta da gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya hana su aiki, in ya ragu sai su farfaɗo. Waɗanda aka gwada ciwonsu bai wuce shekara shida ba, don haka ba a yi wa Hajiya alkawarin rabuwa da magani ba, kuma ba a ce ta daina ko ƙwaya ɗaya ba. Amma an ce ko kashi 5 cikin 100 na nauyinta ta rage, za a gani a jini, a gani a gwiwa.

Kada wani ya ɗauka nan aljanna ce. Kafin ka samu ganin likita, sai ka dasa waya a kunne da ƙarfe takwas na safe, ka yi ta jira, a ƙarshe a ce yau ta cika, ka sake gobe. In ka samu, minti goma ne. Takardun abincin da aka ba mu duk dankalin Turawa ne da taliya da burodi, babu wanda ya san tuwo balle ya gaya mana malmala nawa. Su kansu Turawan ƙiba ta yi musu katutu, kowane lungu shagon soyayyen dankali da kaza, kuma shi ya fi arha. Kuɓewa 'yar guda bakwai a cikin leda sai ka ji kuɗinta ka ajiye. Zogale sai gari a ƙaramar roba a shagon masu kayan ƙarin lafiya, ana sayar da shi da tsadar da in na faɗa a gida za a ce ƙarya nake. Ga tsofaffinsu, kowa shi kaɗai a gida da kare ko kyanwa. Akwai wata maƙwabciyarmu da asibiti ke aiko wa takardar gwajin ido a kan kari, amma ba ta da mai raka ta. Hajiya ta ce ita kam gara layin Kano da wannan zaman.

Duk da haka abin da suka iya, sun iya. Mai ciwon suga da ke shan magani ba ya biyan kuɗin magani. Ba sai ya tuna ba, su za su rubuto masa cewa lokacin duba ido da ƙoda da ƙafa ya yi. Abin da ya fi burge Hajiya kuwa shi ne kantuna. Yawancin kayan abinci suna da 'yan alamomi a gaban kwali, ja da ruwan ɗorawa da kore, na suga da gishiri da mai. Ita da ba ta karanta Turanci, nan da nan ta iya, ta ɗaga kwali ta ce, "Wannan ja ne, mayar." Tun 2018 gwamnatin nan ta sa haraji a kan lemo mai yawan suga, har kamfanoni da dama suka rage zaƙin don su kauce masa. Mu ma an sa namu a dokar kuɗi ta 2021, naira 10 a kan kowace lita, abin da ba ya hana ko ɗan firamare saye. Rabin lita na lemon kola na asali yana ɗauke da suga wajen ƙaramin cokali 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son ko mai lafiya kada ya wuce kamar cokali 6 a wuni.

Da kanmu muka mayar da shawararsu irin cimarmu. Faranti a raba: rabi ganye, kwata kifi ko ƙwai ko wake, kwata tuwo ko shinkafa. Malmala daidai dunƙulen hannunta, miyar kuka ko kuɓewa da yawa, mai kaɗan. Shayin safe muka riƙa janye masa suga a hankali har ta daina nema. In an ci abinci, ba kwanciya, sai ta tura keken jariri mu zaga filin shaƙatawa na bayan gida, tana mita da sanyi tana tafiya. Minti 30 sau biyar a mako ya cika minti 150 da ake so. Kafin ta koma, matar da ta shekara uku tana salla a kan kujera ta koma yin ruku'u da sujada da kanta. Ranar da na leƙa ɗaki na gan ta goshi a ƙasa, fita na yi na share hawaye.

To, ta sauka Kano. Tun a mota Gwaggo ta fara salati: "Me suka yi miki a Turai kika zube haka? Ba sa ba ki abinci ne?" Masu sannu da zuwa suka yi ta shigowa, kowa da katan ɗin lemo, wai ba a zuwa hannu rabbana. Wata ta haɗa mata malt da madarar gwangwani don ta ƙara jini. Wata ta kawo alkaki da nakiya ta ce ai ɗan kaɗan ba ya komai. Mutum ashirin kowa da ɗan kaɗan ɗinsa, ina aka kwana? Haba 'yan uwa! Mun mayar da zaƙi ma'aunin ƙauna, mun mayar da teɓa shaidar 'ya'ya sun yi albarka. In tsohuwa ta ce ta ƙoshi sai a ce fushi take, a yi ta lallashi har ta ƙara.

Ga kuma ilimin da kowa ya haddace ba tare da ya tambayi kowa ba. An ce mai suga ya ci alkama, sai a tuƙa tuwon alkama a cika kwano, alhali ita ma suga take zama a jini in ta yi yawa. Haka acca, haka gero. Kunu da koko da fura sun fi saurin ɗaga shi saboda an niƙe su, balle an zuba musu suga. Zuma mai albarka ce, ba mai musu, amma a jinin mai wannan ciwo tana hawa kamar kowane zaƙi, haka dabino in an zarce. Masu motoci da lasifika kuwa, da ke rantsuwa cewa gora ɗaya ta raba ka da suga har abada, su na fi tsoro, don su ke sa tsoho ya ajiye maganin asibiti, sai ƙoda ta taɓu a dawo ana neman kuɗin wankin ƙoda.

Tafiyar ƙafa ma ta zama abin magana. Hajiya ta taka daga gida zuwa bakin titi, kafin la'asar an kira Yaya ana tambaya ko ba mai ba ta kuɗin adaidaita ne. Na san unguwanninmu ba wurin tafiya, ga kwata, ga babura, ga rana. Amma tsakar gida tana nan, bayan asuba iska na da daɗi, makarantar Islamiyyar matan aure ba nisa.

Abin takaicin, mu muke da abincin. Ina nan ina mafarkin 'Yankaba da sassafe, alayyafo da kabeji da yakuwa da yalo a jibge, da Dawanau inda wake da dawa suke buhu a kan buhu. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kwaɗon rama, alale, faten wake, dambu mai yawan ganye, miyar kuka da daddawa. Abin da ake biyan masana a nan su koya wa mutane, shi kakanninmu suke ci, mu kuma muka raina shi muka koma farar shinkafa da taliya da burodi safe da dare.

Na canza yadda nake aike. Kuɗin da a da ke tafiya a kayan shayi, yanzu na tsinken gwajin suga ne, da HbA1c duk bayan wata uku zuwa shida, da duba ido da ƙoda sau ɗaya a shekara. Autarmu ce ke duba ƙafar Hajiya kowane dare, ta shanya tsakanin yatsu bayan alwala, ta shafa mai a dunduniya. Ba yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ba mai yankan farce da aska, in hunturu ya shigo ba a kusanto mata da kaskon wuta, ruwan wanka kuma wani ne zai fara tsoma hannu. Kafin azumi za ta ga likita a daidaita mata lokutan magani, shi zai ce ta ɗauka ko ta ciyar. Yaya ya karɓi aiki mafi wuya, wato tarar masu kawo lemo tun daga soro. Gwaggo har yanzu tana jin haushina, ta ce na koyo rashin kara a wurin Turawa. Na kira ta na ba ta haƙuri, na kuma roƙe ta ita ma ta je a gwada ta, don ta daɗe tana ƙorafin ƙishirwa da yawan fitsarin dare.