Sharhi: Kabarin Ramsis na Ɗaya a Luksor, ƙarami amma cike da hujja

Tikitin shiga Kwarin Sarakuna da ke yammacin Luksor a Masar kabari uku kawai yake buɗe maka, mai gadi yana huda shi a bakin kowanne. Na Tutankamun, na Seti na Ɗaya da na Ramsis na Shida kowanne da nasa tikitin daban. Shi ya sa yawancin baƙi ke zaɓen dogayen kaburbura, su tsallake na Ramsis na Ɗaya mai lamba KV16 don an ce musu ƙarami ne. Na shiga shi, na kuma ga gawar da ake danganta wa mai shi, kuma a ganina ya cancanci huda ɗaya cikin ukun nan, in dai abin da ya kai ka shi ne ganin yadda ake tabbatar da tarihi da hujja.

Ramsis na Ɗaya ba ɗan sarauta ba ne. Soja ne mai suna Paramesu daga gabashin bakin Kogin Nilu, ya kai ga zama wazirin Fir'auna Horemheb, wanda ya mutu babu magaji. An samu gumakansa guda 2 a haikalin Karnak a 1913, yana zaune irin zaman marubuci, da muƙamansa rubuce a jiki. Ya hau mulki da tsufa wajen 1292 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kafa gidan sarauta na 19. Kwanan wata mafi nisa da aka samu da sunansa yana kan wani allon dutse daga Buhen, kusa da Wadi Halfa a Sudan: shekara ta 2, ranar 20 ga wata na biyu na lokacin shuka. Allon yana gidan tarihi na Louvre a Faransa. Maneto, malamin Masar da ya jera sunayen sarakuna, ya ba shi shekara 1 da wata 4. Hujjojin biyu sun yi kusa da juna.

Hujja ta uku ita ce kabarin kansa, kuma ita ce kuɗinka ya saya. Matakala ce mai tsananin gangara, sai zaure ɗaya, sai wata matakalar, sai ka tsinci kanka a ɗakin gawa. Ke nan. Kabarin ɗansa Seti, da ke maƙwabtaka da shi, tsawonsa ya haura mita 130. Masana na ganin ɗakin nan ma ba don gawa aka fara haƙa shi ba, mutuwar sarki ce ta sa aka tsaya a nan aka faɗaɗa shi, domin kwana 70 na shirya gawa su ne duk abin da ya rage wa ma'aikata.

Ka kalli bango da kyau, daga gefe, yadda haske ke kwanciya a kansa. A ƙa'idar aikin, ana shafe dutse da farar ƙasa, a zana da jan launi, babban gwani ya gyara da baƙi, masassaƙi ya fitar da siffar, sannan a sa launi. A nan an tsallake sassaƙar gaba ɗaya, launi aka ɗora a kan shafaffen bango. Haka ma babban akwatin gawar na jan dutse da ya kusa cinye ɗakin: rubutun jikinsa da rawayan fenti aka yi, ba a sassaƙa ba. Amma gaggawar ba ta ɓata aikin ba. Shuɗi-shuɗin toka da aka shimfiɗa a baya irin na kabarin Horemheb ne sak, kuma launukan sun fito sosai tun bayan gyaran da aka yi aka sake buɗe wurin a Janairun 2021. Wani ɓangare kaɗan na Littafin Ƙofofi, mai bayanin tafiyar rana cikin sa'o'i 12 na dare a imaninsu, shi ɗakin ya iya ɗauka. Hoton da ya fi kama ido shi ne na sarki a durƙushe tsakanin siffa mai kan shaho da mai kan dila.

Wahalhalun wurin sanannu ne. Mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa wajen hawowa. Ɗakin ba ya ɗaukar taro, da an yi yawa iska ta yi nauyi. Doka ta hana ɗan jagora yin bayani a cikin kabari, don haka ka sa ya gama maka a waje. Ka zo da sassafe, ka fara duba allon da ke wurin sayen tikiti, saboda ana juya kaburburan da ake buɗewa, ka kuma riƙe katin banki don da shi ake biya.

Lokacin da Giovanni Belzoni, wani mai tono kayan tarihi ɗan Italiya, ya buɗe kabarin a Oktoban 1817, bai tarar da sarki a ciki ba. Tun a zamanin dā limamai suka kwashe gawarwakin sarakuna don gudun ɓarayi, kuma a maɓoyar gawarwakin da ke Deir el-Bahri, kusa da Kwarin Sarakuna, wadda hukuma ta gano a 1881 an samu ragowar akwatin katako mai sunansa, amma babu gawarsa. Wadda ke kwance yau a gidan tarihi na Luksor, a gabar gabas, wajen 1860 aka saye ta aka kai wani gidan kayan kallo a Niagara ta Kanada. Gidan tarihi na Jami'ar Emory a Atlanta ya saye ta a 1999, ya mayar wa Masar a Oktoban 2003. Hannuwan da aka gicciye a ƙirji, ƙaron da aka zuba cikin ƙoƙon kai, ingancin aikin da kuma kamannin fuska da Seti duk suna nuna gawar sarki ce. Sai dai babu suna a jikinta, kuma ana ganin 'yan gidan Abdul Rasul, wasu mazauna yankin da ke sayar da kayan kaburbura a ɓoye, sun gano maɓoyar ne wajen 1871, bayan gawar ta riga ta bar ƙasar. Saboda haka wasu masana ba su gamsu ba, ni ma ina ɗaukar ta a matsayin zato mai ƙarfi. Ka fara da kabarin da safe, ka haye kogi ka gan ta daga baya, amma ka tambayi lokutan buɗe gidan tarihin tun kafin ka tsara ranar.