Wace Filtar Iska Ta Dace da Motarka Mai Turbo?

Idan ka taɓa cire tiyon da ke gaban turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ka leƙa ciki, ka ga wata 'yar farfela ta alminiyam, faɗinta bai kai tafin hannu ba, fukafukanta sirara kamar reza. Da ka taka totur sosai, farfelar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ƙanana ma sukan haura 200,000. A irin wannan gudu ƙwayar yashi ba abin rainawa ba ce, domin tana cin bakin fukafukan sannu a hankali har su dakushe, abin da ya wuce kuma ya je ya goge ringin fistin. Babu abin da ya raba farfelar da ƙurar hanya sai filtar iska. Saboda haka kafin ka tambayi ƙarfin da filta za ta ƙara wa inji, fara tambayar ƙurar da za ta bari ta wuce.

Ta takarda, wadda motar ta zo da ita, ita aka fi rainawa, kuma ba a yi mata adalci ba. Wajen tare ƙura mai laushi da wuya a sha gabanta. Ba a wanke ta, in ta cika sai a yar a sa sabuwa. Muddin injinka yana nan yadda kamfani ya ƙera shi, iskar da take bari ta ishe shi.

Sai ta auduga mai mai, irin wadda K&N na jihar Kalifoniya ya yi suna da ita tun 1969. Yadin auduga ne aka jera hawa-hawa tsakanin ragar waya, man da aka shafa shi ke kama ƙura. Iska tana ratsa ta cikin sauƙi, ana wanke ta a mayar, kamfanin ma ya taɓa cewa a kan babbar hanya takan kai mil 50,000 kafin wanki. Sai dai ƙofar da ta buɗe wa iska ba ta rufe wa ƙura gaba ɗaya ba, kuma shafa man yana son ƙwarewa. Na taɓa wanke wata filtar auduga, na zuba mata mai har ya fara ɗiga, a ganina gata na yi mata. Kwana uku ba a yi ba mota ta fara shaƙewa a tsaye, fitilar inji ta kama. Da muka ciro sansar da ke auna iska, sai ga siririyar wayarta mai zafi ta yi maiƙo, ƙura ta manne mata, tana ba kwamfutar mota lissafin ƙarya. Laifina ne, amma duk mai irin wannan sansar ya san da wannan kafin ya saya.

Wannan ne ya karkatar da ni zuwa ta zaren roba marar mai, kamar AEM Dryflow ko aFe Pro Dry S. Tana numfashi fiye da takarda, ana tsabtace ta a mayar, babu man da zai ɓata sansa. Ga motar da ake hawa kullum kuma ana taka ta, ni ita nake zaɓa.

Ta soso, irin ta ITG da Pipercross na Ingila ko HKS na Japan, tana ɗaukar datti da yawa kafin ta toshe, amma tana son kulawa a kai a kai. Soso in ya tsufa ruɓewa yake yi, gutsurensa kuma turbo zai nufa.

Akwai kuma batun siffa. Da yawa suna cire akwatin filta su ɗaura mai kama da mazurari a fili, don jin shaƙar turbo da fitonsa. Ƙarar akwai daɗi, ban musa ba. Amma filtar da ke fili iskar cikin bonet take zuƙa, mai zafi, wadda ba ta da nauyin mai sanyi, sai intakula, wadda ke sanyaya iskar da turbo ya matsa, ta ƙara shan wahala. In an sauke ta ƙasa neman sanyi kuma, kududdufi ɗaya na iya sa inji ya sha ruwa. In faɗin bututun da sansa ke ciki ya canza, dole a sake saita kwamfuta. Mazurarin yana da amfani ne idan ka sa turbo mafi girma ko ka ƙara matsin iska sosai, tunda a matsin bar 1 (bar ma'aunin matsin iska ne) inji yana haɗiyar kusan ninkin iskar da zai sha ba turbo. Ko a nan ma, nemi wanda ke cikin rufaffen akwati.

Wajen saye, duba ko an gwada filtar bisa ma'aunin ISO 5011, ƙa'idar duniya ta gwajin filtar iska, ka karanta alƙaluman da idon basira. Mai tare kashi 98 cikin 100 tana barin ninki biyu na ƙurar da mai tare kashi 99 ke bari.

Bayan ka ɗaura, tabbatar robar gefen ta zauna daram kuma murfin ya kama ta ko'ina. Idan ka yi tafiyar wasu makonni, buɗe ka shafa farin ƙyalle a cikin bututun da ke bayan filtar. In ya fito da ƙura, ko dai gefen yana yoyo, ko filtar ba ta dace da hanyoyin da kake bi ba, sai ka canza ta tun turbo bai fara kuka ba.