Cinyar Kaza ko Ƙirjinta a Miyar Mustad da Kirim

'Yar'uwa, kin tambaya wanne ya fi dacewa tsakanin cinya da tsokar ƙirji idan za ki dafa kaza a miyar mustad (wani haɗi mai yaji da ake yi da niƙaƙƙun ƙwayoyin tsiron mustad) da kirim (maiƙon madara na girki) cikin tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, tun da da safe kike son ɗorawa ki fita, sai yamma ki dawo. A wannan hali cinya ce zaɓina, kuma dalilin yana cikin naman kansa.

Cinya tana da kitse da jijiyoyi masu tauri, kuma irin wutar da wannan tukunya take bayarwa, wato zafi kaɗan na tsawon lokaci, ita ce take narkar da jijiyoyin su koma wani danƙo mai laushi wanda yake shiga cikin miyar ya ba ta jiki. Shi ya sa cinyar da ta yi awa 5 zuwa 6 a ƙaramar wuta za ki ga cokali yana ratsa ta ba gardama, ga ta jiƙe sharkaf, kuma ko an ƙara mata rabin awa ba ta lalacewa. Tsokar ƙirji ba ta da wannan haƙurin. Kitsenta kaɗan ne ƙwarai, da zarar cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas ta nuna, duk abin da ya biyo baya matse mata ruwa kawai yake yi. Awa 3 takan ishe ta, idan ta wuce haka sosai sai ta bushe ta yi zare-zare a baki duk da tana zaune a cikin miya. Amfaninta shi ne rashin maiƙo da kyan yanka, amma tana bukatar mai tsayawa a kanta.

A wajen ɗanɗano ma sun bambanta. Mustad na Dijon, wanda ya samo sunansa daga wani birni a Faransa, yana da kaifi da ɗan tsami, kuma maiƙon cinya yana tausasa wannan kaifin, ita kuwa tsokar ƙirji takan bar shi ya rinjaye ta, don haka sai a rage mata. Yana da kyau ki karanta jikin kwalbar kafin ki saya, domin wasu kamfanonin da giyar inabi suke haɗa shi, wasu kuma da binega kawai.

Ko wanne kika ɗauka, kada ki zuba kirim tun farko, domin doguwar wuta tana sa shi ya rabu ya yi gudaji-gudaji, musamman idan ya haɗu da tsamin mustad. Ki jira sai saura minti 20 zuwa 30, kuma ki nemi mai kauri wanda kitsensa ya kai kashi 35 cikin 100 ko fiye, ya fi madara jure zafi nesa ba kusa ba. Shi ma mustad ɗin ki raba shi biyu, rabi da farko tare da albasa da tafarnuwa, rabi a ƙarshe, saboda yajinsa yana gushewa idan ya daɗe a wuta.

Romo rabin kofi ya wadatar, tun da murfin ba ya barin tururi ya fita, kazar kuma za ta fitar da nata ruwan. Idan miyar ta tsinke, ki dama sitacin masara cokali ɗaya da ruwan sanyi ki juye. Fatar cinya ba ta kyau a wannan tukunya, sai dai ki cire ta, ko ki fara soya ta sama-sama a kasko. Daskararriyar kaza kuwa ki bari ta saki a firji tukuna, domin tukunyar tana jinkirin ɗaukar zafi, naman zai daɗe da ɗumi-ɗumin da ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a cikinsa.