Mai gyaran jita da na samu a Jos, aikinsa ya yi

Masu jita ta katako, in kun fara jin wani zirrr a ƙasan sauti ko kun ga fuskar ta kumbura bayan gadar da wayoyi ke ɗaure, galibi ɗaya daga cikin 'yan sandunan da ke tokare fuskar ta ciki ne ya ɓalle ko ya tsage, kuma hunturunmu na yin wannan ɓarna sosai saboda bushewa. Tawa haka ta yi, na kai wa wani dattijo mai gyara a Jos, gaskiya na yaba.

Madubi ya zura ta ramin fuskar jitar, ya haska da tocila ya nuna min tsagar a ƙafar ɗaya daga cikin sanduna biyun da suka gitta juna kamar harafin X, tsarin da kamfanin Martin na Amurka ya yaɗa tun wajen 1840s. Bai yarda ya sa min kowane guntun katakon kafinta ba, ya ce sai spruce, wanda ake yin fuskar da shi, don ba nauyi amma ga ƙarfi. Wayoyin ƙarfe shida suna jan kusan kilo 70 dare da rana, to ka ga sanda mai laushi za ta lanƙwashe, mai nauyi kuma ta kashe sautin.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai fara da zarto ba, faskara katakon ya yi kamar na girki, saboda faskare yana bin jijiyar itacen ne tun daga wannan baki har wancan, shi kuwa zarto yanke jijiyar yake a karkace ka ga sanda sumul a ido amma ranar da ta ji nauyi ta nan za ta tsage. Sannan ya juyo min bakin sandar, layukan shekarun itacen suna tsaye cak, a jere kusa da juna, ba a kwance ba, a haka ya manna ta. Ya bar ta siririya mai tsayi maimakon faffaɗa, wai tsayin ne ke ba da ƙarfi.

Inda zan rage masa maki, jira. Ba ya gaggawa ko kaɗan, waya ma sai ka yi ta kira, kuma kuɗinsa ba na jita mai araha ba ne, in taka 'yar koyo ce ka yi lissafi tukuna. Amma zirrr ɗin ya tafi, wayoyin da ke ba da sautin ƙasa sun dawo da kaurin muryarsu.